Guruf ɗin WhatsApp ko Littafin Sakatare: Wanne Ya Fi Riƙe Ƙungiyar Ƙauye?

Duk ƙungiyar da aka kafa a ƙauye yanzu, tun kafin a naɗa ma'aji wani matashi zai ɗaga hannu ya ce a buɗe guruf. Ƙungiyar manoman rani ce, ko kwamitin gyaran masallaci, ko adashin mata, ko tsofaffin ɗaliban firamare da suka tuna da juna, maganar ba ta sauya zane. Dattawa kuma su ce, da can da me muka yi? Ga littafi, ga lasifikar masallaci, ga yaron aike. Wannan rubutu na shugaba ne ko sakataren da ya tsinci kansa tsakanin ɓangarorin nan biyu, musamman a yankunan noman rani irin su Kura, Bunkure da Garun Malam, har zuwa Auyo da Kafin Hausa, inda tsari ba kwalliya ba ne. Idan aka rikita ranar ban ruwa, shinkafar wani ce za ta bushe a kwami.

Matsayata ita ce, kafofin sada zumunta sun iya kai saƙo, amma ba su iya riƙe shi ba. Ƙungiya kuwa ba da kai saƙo kaɗai take tafiya ba. Sai an sanar da mutane, sai an yanke shawara, sai kuma an ajiye lissafin da za a iya dawowa kansa bayan shekara. Guruf ya yi fice a na farko, yana ɗingishi a na biyu, a na uku kuwa sai an tallafe shi.

Kafin nan bari mu sallami waɗanda ba su cikin takarar. Facebook ba wurin tsara aiki ba ne, domin ba kai ke zaɓar wanda zai ga rubutunka ba, na'urar kamfanin ce ke zaɓa. Za ka rubuta cewa akwai gayyar yashe kanal ranar Asabar, wani mamba ya ci karo da rubutun ranar Litinin, ya kuma rubuta maka "Allah ya ba da sa'a". Inda Facebook ke da rana shi ne idan ana son 'yan gari da ke Legas, Fatakwal ko Saudiyya su ga halin da gada ko asibitin garinsu ke ciki su kawo ɗauki, ko ana son kansila ya ji kunya. TikTok nishaɗi ne da talla, kuma shi ne ya fi kowa shan data. X, wato Twitter ta da, kusan babu mai shi a cikin manoma, kuma mun ga yadda gwamnati ta rufe shi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Saboda haka takarar gaske tsakanin WhatsApp ne da hanyoyin da muka gada, sai kiran waya da tes a tsakiya.

Kai saƙo

A nan dole a ba WhatsApp haƙƙinsa. Mai tumatir a Kadawa yana buƙatar sanin yadda kwando ya kwana a Kwanar Gafan kafin ya sa yara tsinka, domin farashin safe daban, na la'asar daban, gwargwadon yawan motocin Kudu da suka shigo. Mutum ɗaya da ke kasuwar zai ɗauki murya ta rabin minti, kowa ya ji. Haka in wata tsutsa ta bayyana a ganye: a ɗauki hoto a tura wa malamin gona, ba sai an jira ranar da zai zagayo da babur ba. Waɗanda suka ga ɓarnar da tsutsar tumatir ta yi a Kano a 2016 sun san darajar kwana biyu a irin wannan yanayi. Mutanen bakin kogin Haɗejiya kuwa, bayan ambaliyar 2020 da ta 2022, ba sai an yi musu bayanin amfanin jin labarin ruwa da wuri ba. In madatsun Tiga da Challawa suka cika suka tumbatsa, na Wudil da Ringim ne ke fara gani, kuma saƙonsu na iya riga ruwan isa Auyo.

Saƙon murya, wanda WhatsApp ya shigo da shi tun 2013, shi ne ya buɗe ƙofar ga mutanenmu. Da yawa daga manyan manoma sun iya ajami sarai amma boko yana ba su wahala, wasu kuma ko ɗaya ba su yi ba. Da murya duk an zama ɗaya. Sannan sakatare yana iya danna saƙonsa ya ga wa ya buɗe, wa bai buɗe ba, abin da lasifika ba ta taɓa yi masa ba.

To amma wa ke cikin guruf ɗin? Kafin ka yanke komai, ɗauki rajistarka ka bi suna ɗaya bayan ɗaya, ka sa alama a gaban mai babbar waya. Daga nan ka sake bi, ka cire wanda wayar tana hannun ɗansa, da wanda ba ya sayen data sai in ya sayar da amfani, da wanda ke unguwar da sai an hau tudu ake samun sabis. Abin da ya rage su ne mutanen da guruf zai riƙa isa gare su kullum. A ƙungiyoyin manoma da na sani, waɗanda suka fi filaye da faɗa a ji, irin su Sarkin Noma da sa'o'insa, galibi ƙaramar waya mai madannai ce a aljihunsu, kuma ba don rashin kuɗi ba. Tana kwanaki ba ta nemi caji ba, ta faɗi a kwami a ɗauka a shanya.

Caji kansa tsari ne. Je ka shagon mai caji da magariba ka gani: wayoyi jere a kan katako, kowace da 'yar takarda mai lamba, janareta na ƙara, masu su na zaune a benci suna jira. Wayar da aka kai caji da azahar ba ta karɓar sanarwar taron la'asar. A Oktoban 2024, lokacin da layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace aka yi kwanaki a duhu, har birni sai da aka koma layin caji. Data ma ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, don haka mutane da dama sukan kashe ta, sai dare su kunna su leƙa. Saƙon gaggawa da aka tura da hantsi ya zama labarin bayan isha'i.

Akwai kuma ranakun da abin ke ɗaukewa gaba ɗaya ba laifin kowa a garin. Ranar 4 ga Oktoban 2021 WhatsApp da Facebook da Instagram sun tsaya cak na kusan awa shida a duk duniya. A Maris ɗin 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, aka yi ta fama. A Satumban 2021 kuwa an rufe layukan waya a Zamfara saboda tsaro, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. Ba kullum ake irin wannan ba, amma ƙungiyar da ba ta da wata hanya sai guruf, ranar ta makance.

Lasifikar masallaci fa? Kyauta ce, kuma ita kaɗai ke shiga har cikin ɗakin matan da ba sa fita. Sanarwar jana'iza, rigakafi, ɓatan yaro ko akuya, gayyar gari, babu abin da ya kai ta har gobe. Sai dai ba ta zuwa fadama, ba ta zuwa wurin ɗan ci-rani, ba a faɗar maganar kuɗi a cikinta, kuma ba kowane liman ke son a mayar da masallaci ofishin ƙungiya ba. Rediyo, irin su Freedom da ta fara a Kano a 2003, ko Rediyon Jigawa, ko Sawaba ta Haɗejiya, na babban taro ne da ya haɗa garuruwa, kuma biya ake yi.

Kiran waya shi ne wanda ake rainawa alhali shi ya fi cika aiki. Yana cin kati, gaskiya ne, amma kafin ka ajiye ka ji "zan zo" ko "ina da uzuri". A ce ƙungiya tana da mutum 40. Sakatare ya kira biyar, kowanne ya san mutum bakwai ɗin da ke wuyansa, walau ya kira su ko ya taka ya same su a majalisa. Cikin awa guda kowa ya ji, kuma an san bakin da za a tambaya in wani ya ce bai ji ba. Tes ma yana shiga kowace irin waya ba tare da data ba, kuma ba ya nutsewa cikin hayaniya, sai dai yana buƙatar mai karatu a kusa.

Cunkoso

Abin da ke kashe guruf ba rashin sabis ba ne, yawan magana ne. An buɗe shi don rabon taki. Mako na farko lafiya lau. A na biyu wani ya fara turo "Barka da Juma'a" da hoton fure, mutum goma suka amsa. Sai wa'azi na minti ashirin, sai bidiyon hatsarin mota da ba a san ko a wace ƙasa aka yi ba, sai maganin basir, sai hoton ɗan takara. In aka yi rasuwa kuwa, kowa sai ya rubuta ta'aziyyarsa, kuma ba mai iya hana wannan, don ba tarbiyya ba ce. Sanarwar sakatare cewa motar yuriya za ta iso Laraba, kowa ya kawo cikon kuɗinsa, tana can sama an binne ta. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Mutum ya kunna data ya ga saƙo ɗari biyu, sai ya share gaba ɗaya ko ya sa guruf ɗin a shiru, shi ke nan an rasa shi ba tare da ya fita ba.

Muryar da na yaba ɗazu, a nan take zama matsala. Mu mutane ne masu gaisuwa. Dattijo zai fara da sallama, ya yi salati, ya gaida shugaba da ma'aji da sauran jama'a, ya tambayi iyali da gajiya, sai a minti na huɗu ya faɗi cewa an ɗage taro. Ba kuma a iya binciko kalma a cikin murya yadda ake yi a rubutu. Bayan wata biyu, in gardama ta tashi kan nawa aka ce kuɗin buhu, sai an bi muryoyi ɗaya bayan ɗaya ana saurare.

Akwai magani a cikin manhajar kanta, ba kowa ne ya sani ba. Tun 2018 ana iya kulle guruf ya zama admin, wato mai kula da guruf ɗin, shi kaɗai ke turo saƙo. Tun ƙarshen 2023 ana iya maƙale saƙo a sama ya tsaya na awa 24, kwana 7 ko kwana 30. Dabarar da na ga tana aiki ita ce guruf biyu: ɗaya a kulle, na sanarwa zalla, ɗaya a buɗe, a yi ta barka da Juma'a har a gaji. Kuma duk sanarwa a yi ta sau biyu, rubutu gajere mai rana da lokaci da adadi, sai murya da ba ta wuce minti ɗaya ba. Amma kulle guruf yana buƙatar shugaba mai kauri, domin ranar da aka goge saƙon wani Alhaji za a ji.

Yanke shawara

Na taɓa zama a wani taro inda matasa suka zo da magana a gama, wai an riga an amince a guruf cewa za a ƙara kuɗin mako. Wani dattijo ya gyara zama ya ce, "A ina aka amince?" Sakatare ya ce, "Baba, a waya ne, kowa ya gani, ba wanda ya ce a'a." Dattijon ya ce, "To ni ban gani ba, kuma gonata ce a bakin kanal ɗin. Yaro, shirun wanda bai ji ba ai ba yarda ba ce." Aka dawo da magana sabuwa fil.

Dattijon yana da gaskiya, har ma fiye da yadda ya faɗa. Ko waɗanda ke cikin guruf ɗin, shirunsu ba ya nufin komai. Wani bai buɗe ba, wani ya buɗe yana kan babur, wani kuma surukinsa na ciki ba zai iya musa masa a rubuce ba. A zama ido da ido, shugaba mai hankali yana karanta fuska. Ya ga wane ya sunkuyar da kai, sai ya ce, "Malam, kamar akwai magana a bakinka." Waya ba ta da wannan.

Ban ce guruf bai da amfani a nan ba. Yana ba matashi da ƙaramin manomi damar faɗin abin da ba zai iya faɗa a gaban manya ba, kuma wani lokaci abin da ya faɗa shi ne gaskiyar da kowa ke kewayewa, misali cewa masu gonakin farkon kanal suna shanye ruwa kafin ya isa na ƙarshe. Tun da aka fara noman rani da ruwan Tiga, wanda aka kammala a 1974, wannan rigimar take, kuma hoton busasshen kwami mai ɗauke da rana yana da nauyi a gaban shugabannin masu amfani da ruwa. Akwai kuma tsarin kaɗa ƙuri'a da aka ƙara wa WhatsApp a 2022, mai kyau ce wurin ƙananan abubuwa irin su Asabar ko Lahadi za a yi gayyar cire ciyawar kacalla. Sai dai kowa na ganin abin da kowa ya zaɓa, don haka kada a yi zaɓen shugabanni da ita, kada kuma a yanke hukuncin tara.

Babban haɗarin shi ne faɗa. Maganar da aka yi da zafi a zaure, in an tashi an yi musabaha ta wuce. Wadda aka ɗauka a murya kuwa tana nan, ana iya tura ta wa matar mutum, ko dagaci, ko wani guruf a wani gari. Na san ƙungiyoyin da murya ɗaya ta raba. Ƙa'idar da zan ba kowa: a tattauna a guruf in ana so, amma duk abin da ya shafi kuɗi, hukunci ko shugabanci, a zaune za a yanke shi, a rubuta, sannan a sanar a waya.

Kuɗi da ajiyar lissafi

Nan ne ya kamata a fi nutsuwa, don nan ne zumunci ke lalacewa. Ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya koya wa ƙauye taransifa ƙarfi da yaji. Yanzu mamba yana Legas ko yana kasuwar Maigatari ranar Alhamis zai je wurin mai POS ko ya buɗe OPay ko Moniepoint ya tura kuɗin mako, ya jefa hoton rasit a guruf. Sauƙi ne babba, ba mai musu. Amma hoton rasit ba kuɗi ba ne. Ana ƙirƙirar na bogi, ana sake turo na watan jiya, kuma wani lokaci kuɗin ya fita daga can bai shigo nan ba, daga baya ya koma wa mai shi. Hujja ita ce abin da ma'aji ya gani ya shiga asusu, ba abin da aka turo ba.

Sannan guruf wuri ne da rubutu ke iya sauyawa. Mai saƙo yana da kusan kwana biyu da zai iya goge shi daga wayar kowa. Tun 2023 yana iya gyara abin da ya rubuta cikin minti 15. Admin na iya goge saƙon wani. Akwai ma saitin da ke sa saƙonni su ɓace da kansu bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90, kuma sau da yawa wani ne ke kunna shi bisa rashin sani, ba a farga ba sai an je neman lissafin bara a tarar wayam.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, WhatsApp ba ya ajiye muku hirarku a wurinsa. Da zarar saƙo ya isa, a wayoyinku yake zaune. Ranar da aka zare wayar sakatare a cunkoson kasuwar Gujungu ta Lahadi, ko ta zame daga aljihu ta faɗa kanal, ko ta cika ya ba yaro ya "rage kaya", tarihin ya tafi. Ana iya ajiye kwafi a Google Drive, amma wannan yana buƙatar imel da lambar sirrinsa, kuma a ƙauye galibi yaron shagon waya ne ya buɗe imel ɗin ranar da aka sayi wayar, shi ma ya manta abin da ya sa. Wanda ya shigo ƙungiya daga baya kuma ba ya ganin abin da ya wuce sai an tura masa. A wannan fannin Telegram, wato wani dandalin saƙo irin WhatsApp, ya fi, don yana ajiye komai a wurinsa kuma ana iya barin sabon shiga ya karanta tun daga farko. Matsalarsa ɗaya ce, mutanenka ba sa can, kuma ba za su je ba.

Layin waya ma ba gado ba ne. Lokacin da aka rufe layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba, wanda wa'adinsa na ƙarshe ya cika a Satumban 2024, mutane da yawa sabon layi kawai suka saya. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na sake sayar da shi, WhatsApp kuma yakan share asusun da ya yi kwana 120 ba a taɓa shi ba. Idan ba a bin rajista ana tsaftace guruf, wata rana za a tarar da baƙo zaune a ƙarƙashin sunan mamba yana karanta lissafinku.

Ga kuma 'yan damfara. Salon nasu sananne ne: a kira ka da ladabi, a ambaci sunan ƙungiyarku, a ce za a yi taro ta waya ko za a raba tallafi, an turo maka lamba shida, karanto ta a sa sunanka. Kana karantawa sun ƙwace asusunka, sai su bi mambobi da sunanka suna neman rancen gaggawa. Wa zai ƙi taimakon ma'aji? Kariyar ba ta da wuya, kowane shugaba da ma'aji ya shiga saiti ya sa lambar sirri ta biyu, kuma a faɗa a taro da babbar murya cewa ba a karanta wa kowa lambar da ta shigo waya, ko da ya ce shi ne shugaba.

Kada a ɗauka littafi waliyyi ne. Gara na ci, ɗaki na zuba, ambaliya na tafiya da shi. Yana hannun mutum ɗaya, kuma in mutumin ba shi da amana yana iya ƙara sifili cikin dare ba wanda ya gani. Mafi yawan mambobi ba su taɓa buɗe shi ba, abin da aka karanto musu kawai suka sani. Amma yana da abin da waya ba ta da shi: shafi na bin shafi, kankare yana nunawa, akwai sa hannu ko dangwale a gaban kowane adadi. Ranar da za ku yi rajistar ƙungiyar gama kai, ko buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, ko neman shiga wani shirin tallafin noma, takarda za a tambaye ku: jerin mambobi, dokokin ƙungiya, rubutaccen bayanin zama. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda da hujjar da aka ciro daga na'ura, amma da sharuɗɗan da sai lauya ya tsaya a kai. A gaban mai unguwa ko dagaci kuwa, inda yawancin rigingimunmu ke ƙarewa, littafi mai dangwale ya gama magana.

Hanyar da ta fi duka ita ce a haɗa su ta yadda kowanne zai tsare ɗan'uwansa. A karɓi kuɗi, a rubuta a littafi, mai biya ya sa hannu. Wanda ya turo ta waya, ma'aji ya tabbatar ya shiga sannan ya rubuta. A ƙarshen kowane zama a ɗauki hoton shafin a tura guruf. Yanzu shafin yana cikin wayoyi ashirin, sakatare ba zai iya sauya shi ba, gara ma ba za ta iya cinye shi duka ba. Littafi ya zama asali, guruf ya zama shaida. A ganina wannan ne aiki mafi daraja da WhatsApp zai yi wa ƙungiyar ƙauye, kuma shi ne aka fi sakaci da shi.

Adashin mata yana da nasa hukuncin daban. Wayar mace a ƙauye sau da yawa ba tata ce ita kaɗai ba, maigida na ɗauka, ɗa na kallo a ciki, ƙanwa na ara. In aka rubuta a guruf cewa wance ce ke kwasa ranar Juma'a, kafin kuɗin su iso hannunta masu neman rance sun yi sallama. Uwar adashi da 'yar aikenta da ɗan littafinta a ƙarƙashin katifa sun fi rufa asiri. Haka lissafin gudunmawar biki, wadda ake ramawa bayan shekaru: abin da Inna ta kai bikin 'yar wance shekara bakwai da suka wuce, babu wayar da za ta rayu ta ba da wannan shaida. Inda guruf ke yi wa mata rana shi ne hidimar bikin kanta, hoton anko da farashinsa, ranar kamu, motar da za ta kai amarya. Abu ne na mako uku, in an gama a watse.

Mutum shi kaɗai kuma, mai son ya tuna ranar zuba taki na biyu ko ranar biyan bashi, ba ya buƙatar kafar sada zumunta ko kaɗan. Ƙararrawar ƙaramar waya da kalandar bango sun ishe shi. Wanda ya buɗe babbar waya don duba kwanan wata, shi ya san inda awa guda take tafiya.

Saboda haka zaɓin ya danganta da irin taronku. In yawancinku matasa ne masu babbar waya, ko a warwatse kuke tsakanin gida da ci-rani, ku buɗe guruf biyun nan, ku riƙe littafi don kuɗi kawai. In ƙungiyar manoma ce mai dattawa, ku bar guruf ya zama na shugabanni da masu kiran nan biyar, su kuma su sauke saƙo ƙasa da baki da kira, kada a ce wa kowa "ai an sa a guruf" a matsayin hujja. In kwamitin unguwa ɗaya ne da kuke haɗuwa sau biyar a sahu, ba ku buƙatar guruf, za ku ƙara wa kanku wurin faɗa ne kawai. In aikin na ɗan lokaci ne, biki ko gayya ko tara kuɗin jinya, guruf ya fi komai, amma a sa masa ranar rufewa.

In kun yanke za ku buɗe, ku kula da wanda zai buɗe. Wanda ya ƙirƙiri guruf, sauran admin ba sa iya cire shi, ko da an sauke shi daga muƙami ko ya yi fushi ya koma wata ƙungiya. In kuma admin ɗaya ne tak ya fita, manhajar da kanta za ta ɗora wani daga cikin mambobi, ko da wanda ake bi bashi ne. Don haka kada a bar wa yaron da ya fara ɗaga hannu. A buɗe da layin shugaba ko wani layi da ƙungiya ta ware, a sa admin uku daga gidaje daban-daban, a rubuta sunayensu a shafin farko na littafi, kuma ranar miƙa mulki a miƙa guruf tare da littafi da makullin akwati a zama ɗaya.